Iskar Kwalba Mai Rawaya

Ranar da Zuhura ta zo asibiti a Kankia daga Mawashi da ƙulli a nononta na hagu, Abdulrauf ne ya yi mata bayani. Shi ke sa mutane barci kafin tiyata.

"Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, cirewa kawai za a yi. Muna gwada iskar barci iri biyu, ta kwalba mai rawaya da ta mai shunayya, mu ga wadda aka fi farkawa da ita cikin sauƙi. In kin yarda, ƙuri'a za ta zaɓa miki."

Ta ɗago ido ta ce ta yarda. Bawan Allah sai biro ya suɓuce masa.

Mai rawaya ta faɗo mata, aka yi aiki lafiya. Bayan an sallame ta, saƙonni suka fara.

"Zuhurata, ya ɗinki?"

"Ya warke, Malam. Saura ka zo ka gaida Baba."

Ya je kuwa, amma mahaifinta Malam Dawuda ko tabarma bai sa an shimfiɗa masa ba. Maƙwabciyarsu Tani irin wannan aikin aka yi mata da mai shunayya, ta farka tana amai tana masifa. Ɗiyarsa kuwa ta dawo ba ta da zance sai na wannan yaro.

"Mi ka shaƙa ma ɗiyata?" in ji Malam Dawuda.

Kafin kasuwa ta zagayo, gari ya ɗauka wai asiri ne. Abin takaici, ita ma Zuhura ta fara zargin zuciyarta. Ta rubuta masa:

"Don Allah ka faɗa mini gaskiya. Son nan nawa ne, ko na kwalba?"

Maganar ta ƙona masa rai. Ran Asabar ya zo gidansu da abokiyar aikinsa, Sista Chinecherem.

"Baba, ni na ba ta iskar," in ji ta. "Abdulrauf ko ɗakin tiyatar bai shiga ba. Ya ce zuciyarsa ta kamu, ba zai taɓa ran Zuhura da hannunsa ba. A dakali ya zauna yana jan carbi har muka gama."

Malam Dawuda ya daɗe yana kallon hannun Abdulrauf. A bayan labule Zuhura na kukan kunya.

"A kawo tabarma," in ji tsohon. "Yaro, ka turo manyanka."

Da kaka aka ɗaura aure. Malam Dawuda ya riƙe hannun ango ya ce, "Na ba ka ita farke, da hankalinta. Allah Ya yi maku albarka."