Ruwan Baƙo a Gidan Imoro

Ku yi haƙuri da ni. Ban kai in ɗauki alƙalami a gaban manya ba, karanta rubutun wasu kawai na iya. Amma duk sanda na bi ta gaban rusasshen tankin ruwan nan na bakin gwata sai raina ya ɓaci, shi ya sa na ce bari in rubuta. Inda na yi kuskure a gyara mini.

Imoro mutumin arewa ne, lebura, mazaunin Nima, ɗaya daga cikin unguwannin baƙi na birnin Accra da ake kira zango. A shekarun da aka tare babban kogi ana jawo wutar lantarki zuwa Accra, yana cikin masu haƙa ramin turakun waya da hanyar bututun ruwa na sababbin gidajen Kanda. Da hannunsa ya binne bututun da ya bi ta gefen Nima ya wuce ko waiwaye babu. Yakan dawo gida jikinsa duk jar ƙasa, ya tarar matarsa Zuera ta yini a layin famfo ta dawo da rabin garwa da yagaggen zane. Wannan abu ya ci masa rai har ya daina dariya.

Sai wani kamfani mai ƙera injin tace ruwa ya buɗe shago a Adabraka, ana cewa suna neman wakili a zango. Imoro ya wanke rigarsa ya je. Akawun kamfanin ya dubi fasassun dugadugansa, ya ce injinsu ba ya aiki da fitilar kananzir, ya je ya kawo wuta gidansa tukuna. Ya je wurin masu lantarki, suka ce lungunsu ba ya cikin tsari. Daga nan bai koma gida ba. Ya bi hanyar gidan wani boka da ya sha jin ana raɗe-raɗinsa, ta bayan unguwar Maamobi, inda gidaje suka ƙare.

Rana tana tsaka ya isa. Bukka ce ta tsatsattsen kwano a kan bakin wata tsohuwar rijiya, ba tsuntsu ko ɗaya a itatuwan wurin. A ciki akwai tulu baƙi mai huji ta ko'ina, cike da ruwa fal, amma ko ɗigo ba ya zuba. An ɗaure wuyansa da jan ƙyalle wanda jini ya busar har ya yi tauri. Bokan tsoho ne, leɓɓansa sun tsattsage kamar wanda bai taɓa shan ruwa ba. Bai amsa gaisuwa ba. Ya sa Imoro ya ciro abin da ke aljihunsa: guntun wayar tagulla da tsohon kan famfo da ya tsinta a wurin aiki. Ya jefa su a tulun, ruwan ya ɗauki wani gurnani kamar na inji.

"Wuta za ta zo ƙofarka, ruwa zai bi ta," in ji bokan. "Na cikin rijiyar nan kuwa ƙishirwa yake ji."

Imoro ya ce zai kawo rago. Bokan ya girgiza kai. Imoro ya ce sa. Ya ce duk shekara sa biyu.

"Ba ya cin nama. Duk wanda ya shigo gidanka baƙo, aka miƙa masa ruwan maraba ya sha, nasa ne."

"Iyalina fa?"

"Na ce baƙo."

"In ba a ba baƙon ruwa ba?"

Tsohon ya yi murmushi har leɓensa ya fashe. "To ka ci bulus. Kai ɗan zango ne dai, ko?"

Kada wani ya ce an yaudari Imoro. Da kunnensa ya ji, ya kuma auna a ransa cewa hana kofi ɗaya ba wani aiki ba ne. Ya tsoma hannunsa na dama a tulun, sanyin ya kama shi har kafaɗa, ya ce ya yarda.

Ba a daɗe ba masu lantarki suka sake tsari, aka kafa turke ɗaya tak a lungun, a ƙofar Imoro. Akawun da ya yi masa dariya shi ya zo da kansa yana neman sa. Aka jawo masa reshen bututu, aka girka famfon lantarki da injin tacewa, aka ɗora tanki a kan ƙafafun ƙarfe. Ruwan Imoro garau yake kamar gilashi. Masu koko, masu waken shinkafa, masu wanki, kowa layi yake a wurinsa. Ya zama shi ke kai wa gidajen Kanda tukwanen tace ruwa na kamfanin. Ya gina soro, ya aurar da 'yarsa ɗaya tilo, Sahadatu, zuwa zangon Kumasi da kayan da aka daɗe ana labari. Injin kuwa gurnani yake yini guda, sai an ɗaga murya ake jin juna a tsakar gidan.

Doka ɗaya ya kafa wa Zuera: kada a ba baƙo ruwa a gidansa. Ta ɗauka wasa yake. Da ta ga da gaske ne ta tambayi dalili, ya ce ruwa haja ce, ba a kyauta da haja. Nan ne nake jin haushinsa fiye da ko'ina. Da ya buɗe baki ya faɗa mata gaskiya, da ta tsine masa, amma da ta kiyaye. Ya zaɓi a ce masa marowaci da a ce masa matsafi.

A zango kuwa, kafin a tambayi mutum lafiyar hanya sai an miƙa masa ruwa. Bahaushe, Badagombe, Bazabarme, Bayarabe, kowa haka ya taso. Labari ya bazu cewa gidan da ke da tanki a sama ba shi da kofi a ƙasa. Mata suka riƙa yi wa Zuera ba'a a kasuwa, wai in za su zo barka za su taho da butarsu. Ta haɗiye, ta haɗiye, har ranar da Alidu, tsohon abokin haƙan Imoro, ya biyo gaisuwa cikin zafin rana maigidan ba ya nan. Hannunta ne ya yi abin da ya saba. Alidu ya sha, ya sa albarka.

Ƙishirwa ta kama shi tun a hanya. Ya sha randa guda, cikinsa ya kumbura, harshensa yana nan busasshe kamar fata. A haka ya cika. A makon ne kamfanin ya ƙara wa Imoro inji na biyu. Imoro ya je jana'iza, ya yi kuka na gaske, ya dawo ya sa hannu ya karɓi injin.

Sai ƙaninsa Fuseini ya sauko daga arewa neman aiki. Zuera ta ce wannan kam jinin maigida ne, ta ba shi. Fuseini bai mutu ba. Ya fara cewa injin yana kiran sunansa, ya toshe kunnuwa da tsumma, rannan aka sauko da shi daga kan turken waya yana lasar ƙarfe. Aka ɗaure shi a ɗakin baya, yana ihun a ba shi ruwa alhali kwano cike yana gabansa.

Imoro ya farfasa kofunan gidan, ya sa kwaɗo a ɗakin randa, ya riƙe mabuɗin. Zuera ta tsaya a gabansa idonta jawur.

"Baban Sahadatu, ni uwata ba ta haife ni in bar baƙo da busasshen maƙogwaro ba. In akwai abin da ka sani, faɗa mini."

Ya dube ta, maganar ta zo har bakinsa. Ya ji gurnanin injinan biyu, ya ce mata ta kama bakinta.

Sahadatu ta sami ciki, aka yi maganar za ta zo goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda ake yi. Imoro bai damu ba, a ganinsa 'yar gida ce. Ya manta abin da kowace tsohuwa a zango ta sani, cewa 'yar da aka kai ɗakin miji, in ta dawo gidan ubanta, tarbar baƙi ake yi mata.

Yana saman tanki yana duba bututu lokacin da ta yi sallama, da ƙunshin kayanta a ka, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman mota. Ya hango Zuera ta fito da gudu ta rungume ta, ta shimfiɗa mata tabarmar baƙi. Ya ga ta waiga tana neman kofi, babu. Ta taɓa ƙofar ɗakin randa, a kulle. Sai ta zare murfin kwanon miya, ta nufi famfon da ke ƙarƙashin tankin.

Imoro ya kwarma ihu. Ya kira Zuera, ya kira Sahadatu, ya buga ƙarfen da tafin hannu har ya fashe. Injinansa biyu suka haɗiye muryarsa. Sahadatu ta ɗaga kai ta gan shi yana ɗaga hannu, ta yi masa murmushi, ta ɗaga masa nata. Sannan ta durƙusa ta karɓi murfin da hannu biyu.

"Mma, ruwan gidanmu ya fi na ko'ina daɗi," ta ce.

Ba zan rubuta yadda ta ƙare ba, ita da abin da ke cikinta. Bayan an dawo daga maƙabarta Imoro ya faɗi komai a gaban jama'a. Zuera ba ta yi kuka ba. Ta dubi tafin hannunta na dama, ta yi ta dubansa, har 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita, kuma an ce har yau ba ta miƙa wa kowa komai da shi. Imoro ya ɗauki digarsa ta dā ya sare ƙafafun tankin. Ruwan ya rushe soron, ya tsinka wayar, ya kwarara cikin gwata. Kamfanin ya kwashe injinansa, masu lantarki suka tuge turkensu.

Yanzu yana yawo gida-gida a Nima da Maamobi, leɓɓansa a tsattsage. Duk inda ya yi sallama, duk da abin da aka sani, sai an fito masa da ruwa, domin haka muke. Sai ya dubi kofin ya fasa ƙara ya gudu.

Kai mai haɗama, da kai nake. Kada ka ce dabararka ta fi ta Imoro, shi ma ya ɗauka ya rufe duk ƙofa. Abin da ka je nema a bukkar boka ba da rago ake biyansa ba, da wanda ka fi so ake biya, kuma hannun wanda ba shi da laifi ne zai miƙa.

Na ji motsin takalman manyan da nake rubuta wa a zaure. Bari in ajiye takardun nan a kan benci in bi ta ƙofar baya, kafin a fito a ga ko wace ce ta rubuta.