Kwalbar Da Na Cire Wa Suna

"Annelie, wa ya cire takardar kwalbar nan?"

Valentin ne tsaye a ƙofar kicin ɗinmu, riƙe da kwalbar giyarsa tsirara. Takardar mai ɗauke da sunansa tana cikin kwanon wanke-wanke, ta jiƙe sharkaf.

"Masoyi, tsaya ka ji..."

"Kunyar giyata kike ji, ko kunyata?"



Gidanmu a Pfalz ta ƙasar Jamus, tun kakan kakana inabin Riesling zalla muke matsewa mu yi giya, kuma Baba ya sha faɗa cewa mai gauraya inabi ɓarnarsa yake ɓoyewa. Valentin kuwa inabin Riesling da na Silvaner yake haɗawa a farar giyarsa, shekara uku yana gwaji kafin ta yi masa. Yau Lahadi ya zo cin abincin rana, ranar da zai nemi aurena. Ƙawata Gesine, da ita ma muka gayyata, ita ce ta ce in cire takardar, in juye giyar a tulun gilashi kada Baba ya gane. Ita ce kuma ta raɗa masa ya leƙa kicin. Ashe ta daɗe tana sonsa a ɓoye!

"Zan zauna in ci don girman iyayenki," in ji shi a hankali. "Daga nan ba ki ƙara ganina."

Mama ta kawo farin spargel, tsiron nan na watan Mayu, da dankali da narkakken man shanu. Baba ya gutsura, ya kurɓi giyar, ya lumshe ido.

"Kai! Daga wace ganga kika ɗebo wannan? Kullum tsamin giyarmu faɗa yake da ɗacin spargel, yau kuwa ta kwanta masa luf." Ya nuna Valentin da cokali mai yatsu. "Ka ji giyar gidan mutunci, yaro? Ba irin kwaɗon da kuke yi ba!"

Gesine ta ƙunshe dariya.

"Ta yi daɗi, ranka ya daɗe," in ji Valentin, kansa a sunkuye.

Wayyo ni! Ni na ɓoye sunansa, shi kuma yana rufa mini asiri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baba, ba tamu ba ce... Ta Valentin ce, gauraye ce. Ni na cire takardar. Na ji kunyar mutumin da nake so, kuma ban cancance shi ba."

Baba ya yi jajir har kunnuwa, ya daɗe yana kallon kofinsa.

"Shekara arba'in ina taƙama da hancin nan wajen gane giya," in ji shi. Sai ya tura kofin gaban Valentin. "To me kake jira? Ƙara mini."

Valentin ya zuba wa Baba, ya zuba wa Mama, ya tsallake Gesine. Da ya zo kaina sai ya tsaya.

"Ke fa? Za ki iya shanta a gaban mutane?"

"A gaban garin nan kaf," na ce, hawaye na zuba.

Ya cika mini kofi, ya ɗaga nasa. Ni dai na kasa ɗago kai.

"Dube ni, zuciyata. A nan ba a kara kofi da kofi ido a ƙasa."

Na ɗago da ƙyar. Bai ɗauke idonsa daga nawa ba ya ce, "Baba, ita na zo nema."