Kwaɗon Kawu

Da hantsi aka gane an sace injin famfon. Tagar ɗakin ajiya a fashe, inda akwatinsa yake babu komai sai shatinsa a ƙasa. Sakatariyar haɗakar ƙungiyoyin sa kai ta leƙa ta tagar. Jibi ƙaramar hukuma za ta miƙa kula da rijiyoyin unguwanni ga ƙungiyoyin sa kai da suka haɗa kai, kuma injin nan shi ne gwajin riƙon amanarsu. In babu shi, babu miƙawa, wahalar da suka sha ta tafi a banza.

Ƙungiya uku ke da ɗakin: ta mata, ta matasa, da babbar ƙungiyar Kawu, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya koya mata aikin tun ba ta iya rubuta takardar gayyata ba. Don kada wani ya mallake ƙofa, sarƙa ɗaya suka sa, kowace ƙungiya ta sarƙafa kwaɗonta cikin na 'yar'uwarta. Kowa na iya buɗewa da mabuɗinsa.

Ta fara da mai gadi.

"Jiya da rana kana ina?"

"Kowa yana wajen taron wayar da kai, Hajiya, ni ma aka aike ni ɗauko kujeru. Da na dawo na ga ƙofa a kulle, ban zagaya baya ba."

"Wa ya aike ka?"

"Kawu."

Ba ta kawo komai a ranta ba, Kawu ai ko kujera ya samu sai ya aike ta. Ta kira shugaban matasa, wanda tuni ake ta yi masa kallon ɓarawo saboda Kawu ya aiko cewa a binciki yaransa, wai ba sa jin magana.

"Anti, dubi tagar nan," in ji shi cikin fushi. "Ko akuya sai ta rage tumbi kafin ta shige. Akwatin da sai mutum biyu sun ɗaga? Kuma ni na riƙe lasifika har aka tashi."

Ta gwada faɗin tagar da gyalenta, ta hango shatin akwatin. Gaskiyarsa. Ta ƙofa injin ya fita, fasa tagar rufa ido ne kawai. Ke nan mai mabuɗi ne, na gida.

Shugabar mata kuwa mita ta zo da ita.

"Ni tambayata za ki yi? Tun safe nake fama, na buɗe kwaɗonmu amma ƙofa ta ƙi. Ga shi can yana reto kamar ɗan kunne."

Sakatariya ta durƙusa gaban sarƙar. Kwaɗon mata da na matasa suna lilo a gefe, ba su riƙe komai ba. Kwaɗo ɗaya ne ya haɗe bakin sarƙar biyu. Ta daɗe tana kallonsa, tana roƙon Allah ya sa idonta ne ke yi mata gizo.

A ofishinsa ta samu Kawu, mai kwaɗon, yana shan shayi.

"'Yata, na ji abin da ya faru. Dama na faɗa, ƙananan ƙungiyoyi ba za su iya ba."

"Kawu, wa kake ba mabuɗinka?"

"Ba ya barin aljihuna, kin sani."

"To kwaɗonka ne kaɗai ke riƙe da sarƙa. Wanda ya rufe ƙarshe, da kwaɗonsa ya rufe. Shekaranjiya ni da shugabar mata muka kulle, kowane kwaɗo na cikin ɗan'uwansa. Kai kaɗai ne har yau hannunka bai saba ba, kullum sai ka tsallake na mutane ka kulle da naka, kamar lokacin da ɗakin yake naka kai kaɗai. Ka kawar da mai gadi, ka fasa taga, amma hannunka ya tona ka."

Kawu ya ajiye kofin. Bai ko musa ba.

"Injin yana garejin gidana, ko ƙwarzane babu. In hukuma ta ga haɗakar ta gaza, ƙungiyata za ta ba. Ni na share wannan hanya, sai yanzu a ce muryata daidai take da ta yaran nan masu wanke mota? Ke ma da kin samu babbar kujera."

"Da bakinka ka ce a binciki yaran matasa. Da an kulle su fa?"

"Da an sake su daga baya."

Wannan ta fi yi mata ciwo. Mutumin da take bugun ƙirji da shi a kowane taro, ashe kallon 'yan aikensa yake musu duka.

"Rufa mini asiri, 'yata. A ce a bayan gari aka tsince shi. Ki tuna mahaifiyarki."

Ta ɗauko wayarta, ta kira shugabar mata.

"Goggo, ki taho da shugaban matasa da 'yan sanda. An ga inji." Ta dubi Kawu. "A gidan kawuna."