Furen da Ba Shi da Ganye

Ranar da Mas'ud ya fara ganin Rahamatou, daga sama ya faɗo mata, shi da bokitin fenti.

Yana kan tsani a kasuwar Jadid, yana gyaran bangon wani shago, sai motoci biyu masu ɗauke da bindiga suka haɗu a mararraba, kowacce ta ƙi kauce wa 'yar'uwarta. A Sabha, garin Larabawan nan na tsakiyar hamada, irin wannan gardamar ba da baki ake raba ta ba. Mutane suka zube ƙasa. Wani mai tura baro ya faɗi, bai ƙara tashi ba. Harsashi ya tsinke ƙafar tsanin, Mas'ud ya rufto kan gwangwanayen shuka da wata budurwa ke sayarwa a gindin bangon.

Da harbi ya lafa, ya ɗago kai, ƙasa a baki, na'a-na'a a kunne. Budurwar tana kwance gefensa, ta rungume wani ɗan zogale kamar jinjiri. Ba ta tambaye shi ko ya ji ciwo ba. Bangon take kallo.

“Malam, kai ne mai zanen nan?”

Ya ce shi ne, har da ɗan gyara murya.

“Furanninka ba su da ganye. Da a gwangwanina suke, da ba su kwana ba.”

Namiji dai ba ya jin magani. An yi harbi, an rasa rai, gwiwarsa na jini, amma abin da ya kai gida shi ne wannan maganar, da wushiryar mai maganar.

Mas'ud ɗan Kazaure ne, watansa goma a garin. Sana'arsa mai sauƙin bayani ce: duk bangon da harsashi ya huda, abokinsa Tahirou ya cike ramukan da siminti, shi kuma ya zana fure a kan kowane rami. Aiki ba ya yanke musu. Tahirou mutumin Agadas ne, ya shekara goma sha biyar a Sabha, in ba aikin bango sai ya zauna ƙofar ɗakinsu yana saƙa kwanduna da ganyen dabino, abokai na kewaye da butar shayi suna gyara duniya. Shi ke sayo fenti: ja, rawaya, shuɗi, fari. Duk lokacin da Mas'ud ya ce a sayo kore, sai ya ce babu a kasuwa, ya sako wani zancen. Mas'ud ya ɗauka rowa ce, don ya ga yadda mutumin ke zuba sukari.

Washegari ya koma wurinta da gwangwanaye goma sha biyu, ya yi wa kowanne ado. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba laifi, ta ba shi dashen lalle ya je ya raina. Ya kashe shi cikin kwana biyar, da yawan ban ruwa. Ta ba shi wani. Kafin na uku ya kama, sun riga sun yi musayar lamba.

“Mai Tsani, yau ka faɗo wa wata?” ta rubuto masa.

“Faɗuwa ɗaya na yi a rayuwata, Ganyena, kuma har yau ban tashi ba. Lallenki ya yi toho biyu. Ina gaishe shi kowace safiya da sunanki.”

“Ka rage gaisuwa, ka rage ruwa. Ni ma na tuna da kai, amma kaɗan.”

Mahaifinta, Malam Alasan, dillalin dabino ne daga Damagaram, ya fi shekara talatin a unguwar Sukra. Da Tahirou ya je masa da maganar nema wa Mas'ud aurenta, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce sana'ar da sai an yi harbi mai ita zai ci abinci, ba sana'ar riƙe mace ba ce. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da Sharhabilu, mai shagon wayoyi, yaro mai farar riga da ba ta taɓa ganin fenti ba.

Sharhabilun nan ne ya kai wa Rahamatou labarin cewa an ga Mas'ud a tashar motocin arewa yana ƙus-ƙus da direba, alamar zai bi hanyar tsallaka teku kamar sauran 'yan ci-rani.

“In tafiya za ka yi, ka dawo mini da lallena. Ba ya son ruwan gishiri,” ta rubuta.

“Ba inda za ni, Ganyena. Ki ba ni zuwa Alhamis.”

Gaskiyar magana, saƙon fenti ya ba direban, shuɗi da rawaya masu yawa. Tunda kasuwa ta hana shi kore, zai gauraya su ya haɗa abinsa.

Bangon gidan Malam Alasan da ke fuskantar titi ya sha harsashi a faɗan bara. Mas'ud ya lallaɓa ya samu izinin mahaifiyar Rahamatou. Niyyarsa ya cika shi da ganye daga sama har ƙasa, uba ya ga sana'a, 'ya ta ga amsar maganarta ta ranar farko. Alhamis da safe Tahirou ya tafi Zighan ɗauko ganyen dabino, Malam Alasan ya tafi kasuwa. Mas'ud ya ja igiya ya daidaita kusurwa huɗu, kamar yadda maigidansa ya koya masa a Kano: a fara shimfiɗa launi ɗaya, a bar rana ta busar da shi, sannan a yi zane. Kafin azahar, bango ya zama kore shar, kusurwa huɗu cif, babu komai a ciki.

Sharhabilu ya zo wucewa, ya tsaya, ya kalla da kyau, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ƙara sauri. Maƙwabta suka fara rufe ƙofofi. Mas'ud ya ɗauka zafin rana ne, ya tafi famfon masallaci ya wanke hannu.

Abin da yaro ɗan shekara bakwai ya sani a Sabha, shi bai sani ba. Tsohuwar tutar ƙasar, wadda aka yi yaƙi aka sauke, kore ce zalla, ba rubutu ba zane. Ga katibar da ke riƙe da layin a lokacin, wato 'yan bindigar da suka binne 'yan'uwansu a yaƙin, wannan bangon shelar faɗa ce.

Yana durƙushe a famfo ya ji birki. Mutum huɗu suka diro daga mota daidai lokacin da Malam Alasan ke isowa ƙofar gida da ledar burodi. Ba su tambaye shi komai ba. Gindin bindiga ya sauka a fuskarsa, hularsa ta yi gefe, suka ja shi a ƙasa har gindin bangon, suka durƙusar da shi, babbansu ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. Daga cikin gida ana jin mahaifiyar Rahamatou tana salati, tana riƙe 'yarta kada ta fito.

Ba wanda ya ga Mas'ud. Bayan masallacin akwai lungu, rigarsa kuma tana da aljihu biyu masu zurfi da za su ɓoye koren hannunsa. Mu da muka manyanta mun san lungun da za mu bi, kuma da mun samo hujja mai kyau daga baya. Shi ya fito tsakiyar titi, ya ɗaga hannuwa sama, kore har gwiwar hannu. Larabcinsa bai wuce na ciniki ba, ya ce, “Ana.” Ni ne.

Suka saki tsohon suka koma kansa. Takalmi a ciki, takalmi a baki, har ya daina ƙoƙarin tashi. Babban ya tambaye shi da wane hannu yake aiki. Ya miƙa na dama, don ko a nan bai iya ƙarya ba. Aka ɗora shi kan bulo, gindin bindiga ya sauka sau uku. Sannan mutumin ya juya ya zazzage wa bangon harsashi, ya ce zai dawo kafin magariba, in ya tarar da tutar nan zai ƙona gidan da abin da ke cikinsa.

Tahirou ya iso da la'asar saman motar dabino, ya ga bango, ya ga abokinsa, ya zauna a ƙasa. Ya ce bai taɓa furta dalilin da ya sa ba ya sayen kore ba, don a garin nan har bango yana da kunne. Maƙwabta suka miƙo farar ƙasa ta saman katanga, amma ba za ta rufe ko rabin bangon ba.

Mas'ud yana jingine, Rahamatou na ɗaure masa hannu da mayafinta, hawayenta na ɗiga a kai.

“Wa ya aike ka?” ta ce a hankali.

“Ke kika ce ba ganye.”

“Ni da bakina ne kawai, Mai Tsani.”

Ya dubi damin da Tahirou ya kawo. Ya ce ba sai an rufe duka ba. A manna ganyen dabino a bango, a shafe kewayensa da fari, in an ɗaga sai koren da ke ƙarƙashi ya fito da siffar ganye.

Haka aka yi. Tahirou na shafa fari, Rahamatou ta kwaso zogale da lalle da na'a-na'a daga gwangwanayenta tana mannawa a ƙasa-ƙasa. Ana neman mai tsawo da zai riƙe manyan rassa, sai Malam Alasan ya tashi, ido ɗaya a kumbure, ya karɓa ya manna su a sama. Sababbin ramukan harsashi guda goma sha tara ne. Ba lokacin siminti, Mas'ud ya bi su da hannun hagu, ya kewaye kowanne da jan fure, yana cije leɓe.

Motar ta dawo ana shirin kiran salla. Babban ya sauko, ya yi ta kallo. Tuta dai babu, sai lambu. Ya sa yatsa a cikin wani fure, ya gane raminsa ne. Ya tofar da yawu, ya koma mota, har ya rufe ƙofa sai ya leƙo ya tambaya ko mai zanen zai iya yi wa shagon yayarsa irin wannan. Tahirou ya ce in hannu ya warke, insha Allahu.

Bayan salla Malam Alasan ya zauna kusa da Mas'ud a kan bulon nan.

“Yaro, har yanzu sana'arka ba ta yi mini ba.”

“Na sani, Baba.”

“Kuma wautarka ta fi ƙarfin bayani. Amma na ga lungun nan, na kuma ga aljihunka. Ka turo manyanka.”

Manyan Mas'ud a Sabha su ne Tahirou da 'yan shayi, suka wanke riguna suka je. Bayan wata biyu aka ɗaura aure a ƙofar gidan, a gaban bangon. Yatsu biyu na hannun ango sun ƙage ba sa lanƙwasuwa, amma ya koyi riƙe burushi da ukun da suka rage. Lallen amarya daga dashen nan na uku aka tsinko shi. Sharhabilu ma ya zo da farar rigarsa, ya ci shinkafa faranti biyu, ba wanda ya hana shi. Liman ya yi addu'a Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya kuma kare bangon kowa, jama'a suka shafa da ƙarfi.

Da za a tafi da amarya, ta tsaya a ƙofa, ta ɗan ɗaga mayafi ta dubi lambun.

“Angona, wancan ganyen na sama ya karkace.”

“Yi a hankali, Ganyena,” ya ce. “Baba ne ya riƙe shi.”