Mai Laima a Labarin Agogo

Ranar da Badaru ya fara ganin Muhsina, da faɗa ya zo. Ya sauka daga Keke Napep a Mabera, ya yi ta tambaya har aka nuna masa ɗan ɗakin da ke bayan shagon gyaran waya, inda take ɗaukar shirinta na fodkas. Shiri ne na gajerun labaran bincike, irin waɗanda ake yin ɓarna mai karatu ya yi ta laluben wanda ya aikata. Duk Asabar takan ɗauko labari ɗaya ta karanta, ta yi magana a kan marubucinsa. A Asabar ɗin da ta wuce labarin Badaru ta ɗauko, kuma ta feɗe masa biri har wutsiya.

Ya yi sallama yana huci. Ta ɗago kai, ta zare abin sauraro daga kunne, ta gyara hijabi. Shi ke nan, rabin faɗan ya zube a bakin ƙofa.

"Gyaran waya gaba ne, Malam," ta ce.

"Ni ne Badaru Arzika. Wanda kinka ce makaho ma zai kama ɓarawon labarinsa."

"Af! Kai ne? To ai ban yi ƙarya ba. Mutum guda ka bai wa sabon takalmi a ƙauyen da kowa ke fama da silifa, mi kake so mai karatu ya yi tunani?"

Gaskiya ce, kuma ta yi masa zafi. Sai ya samu kansa yana tambaya, "To da ke ce, yaya za ki ɓoye shi?"

Ta tura masa kujera da ƙafa. Wanda ya zo da faɗa bai tafi ba sai da aka kira la'asar.

Badaru malamin firamare ne a Runjin Sambo, ɗan manoman shinkafa daga wani ƙauye ta wajen Wurno. Ita kuwa Muhsina 'yar gidan malamai ce a Gawon Nama, mahaifinta Malam Maccido yana ba da karatu a zaurensa tun kafin a haife ta. Ka ga nisa tsakanin gidajen nan biyu. Amma zuciya ba ta tambayar unguwa.

Ya riƙa turo mata duk abin da ya rubuta, ita kuma tana kama masa ɓarawo tun a shafin farko. Ya sa mata suna Alƙaliya. Saƙonninsu ma abin dariya ne.

"Alƙaliyata, an sace wani abu a ƙirjina. Wadda nake zargi tana da tabarau, tana zaune Gawon Nama."

"Marubucina, hujjarka ba ta da ƙarfi. Amma wadda ake zargin ta amsa laifinta, kuma ta ce ba ta maidowa."

Shirin nata yana da doka guda da masu sauraro suka san ta da ita: ba ta taɓa faɗin ƙarshen labari. Takan kai mutum bakin gaɓa, sannan ta ce, "Ƙarshen labari amanar marubuci ce, ku nemi littafin." An roƙe ta, an zage ta, ba ta canza ba.

Da magana ta yi ƙarfi, Badaru ya je gaida Malam Maccido. Dattijo ne dogo, mai tafiya da wata tsohuwar baƙar laima da aka ɗinke da koren zare, ko da rana ko da hadari, kuma ba ya sallama sai ya yi gyaran murya sau biyu. Ya dubi Badaru sama da ƙasa.

"An ce kana rubuta abin da bai faru ba."

"Allah gafarta Malam, ƙagaggun labarai ne."

"To. Mu a nan abin da ya faru ma bai ƙare karantuwa ba."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai dai Badaru ya fito yana ƙaunar tsohon nan, don a gabansa ya ga yadda ya sallami wani maƙwabci da ya zo da kuka, ba tare da kowa a zauren ya gane abin da ya kawo shi ba. A satin ya zauna ya rubuta labari mafi kyau a rayuwarsa.

Labarin na agogon bangon wani masallaci ne da ya ɓace. Kowa a unguwa yana zargin wani tsoho, Malam Dodo, mai baƙar laima ɗinkin koren zare, mai gyaran murya sau biyu, don an gan shi ya fito daga masallacin da abu a ƙarƙashin riga. A ƙarshe sai ta bayyana ladan ne ya fasa agogon garin gogewa, kunya ta sa ya ɓoye. Malam Dodo ya gani, ya kwashe fasassun ya kai gyara a ɓoye, ya gwammace a zarge shi da a tozarta ladan.

Karo na farko Muhsina ba ta kama mai laifi ba. Ta kai ƙarshe da hawaye.

"Baba ne wanga," ta ce a waya. "Wallahi Baba ne, har laimar."

"Kyautata ce gare shi, Alƙaliya. Ban da abin da ya fi wannan."

Wani kamfanin ɗab'i a Kaduna ya karɓi labarin cikin tarin da zai fitar bayan Babbar Salla. Badaru bai taɓa ganin sunansa a bugaggen littafi ba, har mahaifinsa ya gama shelanta wa ƙauye. Kamfanin ya yarda a karanta rabin farko a fodkas don talla, da sharaɗin in ƙarshen ya fita kafin littafi, an cire labarin.

Ranar Asabar Muhsina ta karanta rabin da murna, ta tsaya daidai inda aka ga mai laima da abu a ƙarƙashin riga, ta ce, "Ƙarshen labari amanar marubuci ce."

Kai, masoya! Su biyun sun san ƙarshe, shi ya sa duk inda suka duba yabo suke gani. Ko kaɗan bai zo musu a rai ba cewa duk Sakkwato su biyu ne kawai suka sani.

Kafin Juma'a an yanko wurin an baza a waya. Masu shayi a Gawon Nama suna ganin laima ta doso sai su yi ƙasa da murya. Wani mara kunya ya ɗaga murya a bayan Malam ya ce, "Ƙarfe nawa, Malam Dodo?" Wasu ma cewa suke ai ba banza ba, tunda 'yar cikinsa ce ta karanta da bakinta.

Sharifuddeen, ɗan wan Malam, wanda ya daɗe yana son Muhsina tana kauce masa, shi ya kai wayar zaure ya kunna a gaban ɗalibai.

"Baba, ka ji wanda ke neman ɗiyarka. Tun bai shigo gida ba ya maishe ka ɓarawon masallaci."

Malam ya saurara har inda muryar 'yarsa ta tsaya. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya shiga gida ya jingine laimar a bayan ƙofa, ya kira Muhsina.

"Ke kinka karanta wanga?"

"Baba, wallahi ƙarshen labarin..."

"Ban tambaye ki ƙarshe ba. Yaron nan kada ya sake taka mini ƙofa."

Washegari ya fita masallaci cikin rana tsaka ba laima. Wannan ne ya karya zuciyar Muhsina fiye da komai. Ta faɗa jikin mahaifiyarta, Inna Sadiyatu, tana kuka.

"Inna, yabonsa munka yi."

"Na yarda, ɗiyata. Amma wanda ya ga rabin rawa ai cewa zai yi farfaɗiya ce. Mutuncin da ubanki ya tara tun yana saurayi kunka rataye, kunka ce a jira bayan Salla."

Muhsina ta san maganin, amma ba ta iya roƙonsa. Ƙarshen ba nata ba ne, kuma ta san abin da littafin nan yake a wurin Badaru. Ta rubuta masa:

"Marubucina, Baba ya ajiye laimarsa. Ba ni iya kallonsa. Kada ka zo, kada ka kira. Ka yafe mini."

Amsa ba ta zo ba sai bayan azahar.

"Alƙaliyata, na kira Kaduna na ce su cire labarin. Gobe ki buɗe ɗakin ɗauka, ni zan karanta ƙarshen da bakina. Ko Malam bai ba ni ke ba, sai na maida masa laimarsa."

Ta kira shi nan take. "Badaru, littafinka na farko fa! Mi za ka ce wa mahaifinka, Baba Arzika?"

"Na gaya masa. Ya ce in shinkafa ta nutse a bana ana sake shukawa, amma mutuncin dattijo ba ya da iri."

Haka aka yi. Muhsina ta buɗe shirin da cewa, "Yau zan karya dokata, don na gane akwai amanar da ta fi ta marubuci." Badaru ya karanta ƙarshen, sannan ya faɗa a fili cewa agogo da ladan duk ƙage ne, laima da halin kirki kawai ya ara, kuma bai nemi izini ba. Ya roƙi gafara, Muhsina ta saki shirin yadda yake ba ta yanke komai ba.

Mutanen da suka baza rabin farko su suka baza na biyu. Mai "ƙarfe nawa" da kansa ya zo zaure ya durƙusa. Sharifuddeen ya ce ai dabara ce ta marubuta, amma bai samu mai taya shi ba.

Malam kuwa sai da aka kwana biyu ya aika a kira Badaru, ya sa Muhsina ta zauna daga bayan labulen ƙofar cikin gida.

Badaru ya durƙusa.

"Da an ce mini ɓarawo," in ji Malam. "Yanzu kuma an ce waliyyi, har wata ta kawo mini jinjiri in tofa masa. Duk biyun ba ni ba ne, kuma duk kai ka jawo mini."

"Na tuba, Allah gafarta Malam."

"An ce an cire ka daga littafin."

"E, Malam."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

Malam ya yi gyaran murya sau biyu. "Na aika ƙauyenku an yi bincike, kamar yadda ake yi wa duk mai neman aure. Ba a samo komai ba sai alheri. Amma ni ba wannan nake jira ba. So nake in ga ko kana iya abin da ka rubuta, ka ɗauki asara don ka rufa wa wani asiri. Rubutawa ai ba wuya."

Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma tun ranar da Sharifuddeen ya kunna mini na san ladan ne. Ka ce bayan ɓatan agogo ya daina ɗaga kai in ya shigo masallaci. Mai neman abin da ya ɓace ai bangon zai riƙa kallo."

Daga bayan labule aka ji salati. "Baba! Ni fa ban gane ba!"

"To ke wa kinka gado? Ba labarin ne ya ƙona mini rai ba, Muhsina. Ku biyu kun san ni ba ɓarawo ba ne, kunka bar ni a bakin mutane don a sayi littafi."

Muhsina ta fito ta durƙusa kusa da ƙafarsa tana hawaye, ya ɗora mata hannu a ka.

"Ya wuce. Kai kuma ka ce wa magabatanka su zo. Ke, ɗauko mini laimata, rana ta gama gasa ni."

Bayan Babbar Salla littafin ya fito ba sunan Badaru, kuma ba za a ce bai ji ciwo ba, don ranar ko abincin kirki bai ci ba. A satin ne kuma aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Maccido. Mutanen Wurno suka zo da buhunan shinkafa, Baba Arzika ya riƙe hannun Malam ya ƙi saki. Rana ta take, ango na tsaye cikin farar shadda yana ta gaisawa, sai ya ji inuwa a kansa. Ya ɗaga ido ya ga baƙar laima da koren zare.

"Riƙe," in ji Malam. "Na ba ka, na sayi sabuwa. In ka sake sa ni a labari, ka canza mata launi."

Ana cikin haka wayar ango ta yi ƙara.

"Angona, an ce an ɗaura. Yaya labarin namu zai ƙare?"

Ya maƙale laimar a kafaɗa ya rubuta:

"Amaryata, wannan kam ban sani ba, kuma ba na gaggawa. Ki zo mu karanta tare."

Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya rufa musu asiri kamar yadda suka koyi rufa na wani. Duk Gawon Nama ta amsa da amin, har masu shayi.