Saniyar da Ta Tashi Kamar Doki

Latifatu na zaune a gefe lokacin da aka ja labulen zauren gidansu na unguwar Alabar, majigi ya haska bango.

Shekara biyu saurayinta Khalidu ya yi yana zana fim ɗin nan da hannunsa, takarda bayan takarda, yau ga shi a gaban mahaifinta. Alhaji Seini dillalin shanu ne, tun farko ya rantse ba zai ba mai wasa da fensir 'yarsa ba. Safia, 'yar ƙaninsa, ita ta lallaɓa shi ya zauna ya kalla. Kada ku ɗauka kirki ne. Baiwar Allah ta daɗe da ƙyalla ido a kan Khalidu, so take a yi masa korar kare, ita kuma ta tsince shi a waje.

Fim ya fara. Wata yarinya ce aka sace wa saniya, ta bi ɓarayin ta tsakiyar kasuwar Kejetia, tana tsallake kwandunan tumatir, tana kurɗawa tsakanin motocin haya na trotro. Ruwan sama na dukan kwanon rumfuna har matan gida suka soma jan mayafi. Lati ji take kamar ta miƙe ta rangaɗa guɗa.

Sai ga saniyar kwance a daji. Ta yunƙura, ta tashi da ƙafafun gaba.

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wannan saniya ce ko doki?"

Fim ya ƙare. Ana buɗe labule Safia ta gyara zama.

"Baba, a tambayi Lati mana... ai tun tana ƙarama take bin ka kara, kasuwar shanu."

Khalidu ya ɗago ya dube ta, idanunsa na roƙo. In ta kare shi, Baba zai ce so ya makantar da ita. In ta faɗi gaskiya, ta tozarta shi a gaban danginta. Tsoro ya kama ta sosai.

"Baba na da gaskiya," ta ce. "Saniya da ƙafar baya take fara tashi. Shugaban ɓarayin ma ya cika surutu paa, ƙarshen kuma kamar ana korar ka ka gama."

"Lati..."

"Bari in ƙarasa, masoyina."

Kalmar ta kufce mata a gaban kowa! Kunya ta rufe ta, amma ta daure.

"Baba, na gan ka fa. Da yarinyar ta rungume wuyan saniyarta, ka goge ido da hannun riga."

"Hasken injin ne ya dame ni," in ji Alhaji, yana kallon gefe.

"Sau biyu, Baba?"

Matan gida suka tuntsire. Safia kaɗai ce ta haɗe rai.

Khalidu ya sauka daga benci ya durƙusa.

"Alhaji, ni ɗan cikin gari ne, ban taɓa wuni kusa da saniya ba. Zane sittin ne a wurin nan, zan yage su in sake. In ka yarda, in biyo ka kara in koya."

Alhaji ya dube shi. Ya sha ganin samarin da ake gyara wa magana su kumbura su fice, wannan kuwa ko gezau.

"Gobe bayan asuba," ya ce. "Ka sa takalmin roba, wurin ba na 'yan gayu ba ne."

"Na gode, Alhaji."

Tsohon ya ɗauki sandarsa. Har ya kai bakin ƙofa sai ya waigo.

"Ranar Juma'a kuma ka turo min manyanka. Yarinyar nan ta riga ta tona kanta."

Lati ba ta san lokacin da ta kwasa a guje cikin gida ba, tana dariya tana kuka, ta faɗa jikin mahaifiyarta da takalmi ƙafa ɗaya.