Mun Gane, Malam

Ranar da Khalilu ya fara ganin Zahra'u, kujera take jawo masa zuwa bayan aji. Daga jami'a ya taso, can Kalgo, zai yi wata uku yana zama a wata sakandare a Gwandu saboda binciken digirinsa na biyu: me ke faruwa a zuciyar ɗalibi idan malami ya tambaye shi ko ya fahimta.

"Nan za ka zauna, Malam Ɗan Leƙe," ta ce tana murmushi. "Ajin babana ne, ka kama kanka."

Ita Hausa take koyarwa. Mahaifinta, Malam Hamidu, shekara talatin ke nan yana koyar da lissafi, har alli ya sa masa tarin da ba ya barinsa. Kowane darasi da tambaya ɗaya yake rufe shi: "Kun gane?" Yara hamsin da biyu su amsa baki ɗaya: "Mun gane, Malam!"

Kafin wata biyu, Khalilu ya daina yaudarar kansa cewa binciken kaɗai ke kawo shi Gwandu.

"Malamata, yau ma na zo karatu, na ɓuge da kallon tagar ajinki," ya rubuta mata.

"Ɗan Leƙena, in ka faɗi jarrabawa ba ruwana. Ka ci abinci kuwa?"

Kawunnansa suka zo gaisuwa, Malam Hamidu ya karɓe su hannu biyu.

Sai sakamako ya fito. Bayan wani darasi da aka amsa "Mun gane", Khalilu ya raba wa yaran takardu ba suna, da tambaya uku daga darasin, da wata a ƙasa: me ya sa ka ce ka gane? Bakwai kacal suka ci.

A rubutunsa ya ɓoye sunan, ya ce "Malam B, mai shekara talatin a lissafi". A Gwandu kuwa mutum ɗaya ne haka. Ya manta kwafin a ɗakin malamai, Usama, malamin kimiyya wanda ya riga shi neman Zahra'u, ya ɗauka ya kai wa tsohon har gida.

Washegari aka aika wa kawunnansa cewa maganar auren ta tashi. Saƙon Zahra'u ya biyo baya:

"Ashe babana ka zo aunawa, ni kuma ƙofar shiga ce. Allah ya ba da sa'ar digiri."

"Wallahi ba haka ba ne, Malamata."

"To gyara lambar, bakwai ɗin nan."

Kwana goma suka rage ya miƙa aikin. Yakan buɗe kwamfuta a ɗakinsa na Kalgo ya zuba wa bakwai ɗin ido. Ya sa uku a gabanta ta zama talatin da bakwai, ba mai sani, tsoho ya huce, Zahra'u ta dawo. Sai ya tuna yara arba'in da biyar da za su shiga jarrabawa da kai fayau. Ya goge ukun. Ya tuna furfurar Malam Hamidu, ya mayar. Abin da ya fi cin ransa shi ne, idan ya gyara, ya zama ɗaya daga cikin yaran: ya faɗi abin da zai faranta wa tsohon rai, ya cuce shi cikin ladabi.

Ranar Laraba bayan la'asar ya hau mota zuwa Gwandu da takardun yaran a leda. Ya durƙusa a zaure.

Malam Hamidu bai dube shi ba. "Yaro, ka zamna ajina, ka ci tuwon gidana, ka rubuta ma duniya ban iya aikina ba. Ba ni ba ka ɗiyata. Ka gane?"

Amsar da aka saba ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta.

"Ban gane ba, Baba."

Tsohon ya ɗago. "Mi kac ce?"

"Ban gane ba. Lambar aka nuna maka, ba a nuna maka dalilin ba."

Ya miƙa ledar. Malam Hamidu ya sa tabarau ya zaro ɗaya. A jikinta an rubuta: "Malam yana tari idan ya daɗe a allo. Ba mu so ya sake." Ya zaro wata: "Shi ya koyar da babana, ina jin nauyinsa." Wata kuma: "Kowa ya ce ya gane, sai ni?"

Ya ajiye takardun a cinyarsa. Bayan labule, Zahra'u tana share ido da gefen mayafi.

"Shekara talatin," ya ce a hankali, "ba wanda ya taɓa ce mini bai gane ba. Ashe tausayina suka ji, ni ko ina alfahari." Ya cire tabarau. "Bakwai ɗin nan, ka taɓa ta?"

"Na yi niyya, Baba. Sau da yawa."

"Bar ta yadda take."

Da safe Khalilu ya koma kujerarsa ta baya. Da aka gama darasi, Malam Hamidu ya ajiye alli ya ce, "Wa bai gane ba? Wanda ya ɗaga hannu, ni ya taimaka." Yaran suka kalli juna. Can wani hannu ya tashi a tsakiya. Wasu suka bi.

Wayar Khalilu ta motsa a aljihu: "Na zarge ka ban tambaye ka ba. Ka yafe, Ɗan Leƙena."

"Na yafe tun ban karanta ba, Malamata."

Bayan Sallah babba aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Da za a kai amarya Kalgo, Malam Hamidu ya zaunar da su biyun, ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai jin magana, mai kuma iya tambaya. Ya yi nasiha mai tsawo, sannan bakinsa ya riga shi:

"Kun gane?"

Zahra'u ta saci kallon mijinta ta ƙarƙashin lulluɓi.

"Da saura, Baba," ta ce. "Za mu riƙa dawowa kana maimaitawa."

Tsohon ya yi dariya har tarin ya kama shi, yana cewa, "Allah ya yi muku albarka."